Taƙaitaccen Tarihin Andrew Foster (1925-1987), Uban Ilimin Kurame a Afirka

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe da aka ce ya lissafo harsunan Nijeriya, da Hausa da Yarbanci da Ibo zai fara, sannan ya gangaro kan Fulatanci da Barbarci da Nufanci da sauransu har ya gaji, domin kuwa sun haura 500. Amma da wuya a samu wanda zai tuna da harshen da ake yi da hannu, wato wanda kurame ke magana da shi a makarantunsu da ƙungiyoyinsu da wuraren ibadarsu. Wani abin mamaki kuma shi ne, duk da cewa Ingila ce ta mulki ƙasar nan, harshen da ake koyarwa da shi a makarantun kuramenmu bai yi kama da na kuramen Ingila ba. Da na Amurka ya yi kama. Babban dalilin haka shi ne aikin wani baƙar fatar Amurka, kurma, mai suna Andrew Jackson Foster. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, tare da tsayawa a wuraren da suka shafe mu a matsayinmu na masu nazarin harshe.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Foster ranar 27 ga watan Yuni, 1925, a unguwar Ensley ta birnin Birmingham, cikin jihar Alabama a kudancin Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Da jinsa aka haife shi, ya kuma taso yana magana kamar kowane yaro, har ya kai shekara 11. A lokacin ne ciwon sanƙarau ya kama shi tare da ɗan'uwansa Edward. Dukkansu sun tashi daga ciwon, amma jinsu bai dawo ba.

Sanƙarau ba baƙo ba ne ga mutumin ƙasar Hausa. Ciwo ne da kan ɓarke a lokacin zafi, kuma annobar da aka yi a arewacin Nijeriya a shekarar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000, ta kuma bar wasu da dama da kurumta. Ke nan hanyar da Foster ya bi ya zama kurma ita ce hanyar da yara masu yawa suka bi a Kano da Katsina da Maraɗi. Akwai kuma wani abin lura a nan ga mai nazarin harshe. Yaron da ya kurumce yana da shekara 11 ya riga ya mallaki harshen iyayensa, ya san ginin jumlarsa, ya fara karatu da rubutu da shi. Halinsa ya bambanta da na wanda aka haifa kurma, wanda idan bai samu masu yi masa maganar hannu tun yana ƙarami ba, shekarun koyon harshe kan wuce shi a banza. Foster ya shiga duniyar kurame da Turancinsa a hannu, kuma wannan ya taimaka masa ƙwarai daga baya wajen rubuta wasiƙu da neman taimako da fuskantar jami'an gwamnati.

A Alabama ta wancan zamani doka ce ta raba farare da baƙaƙe a makaranta, kuma wannan rabuwa ba ta ƙyale kurame ba. An kai Foster makarantar kurame ta baƙar fata da ke garin Talladega, inda karatu ba ya wuce aji shida. A nan ya koyi maganar hannu. Saboda daɗewar da aka yi ana raba makarantun, kuramen baƙar fata sun samar da nasu karin harshe na maganar hannu, wanda masana suka nuna cewa ya fi yawan amfani da hannu biyu, ya kuma fi faɗaɗa filin da hannu ke yawo a cikinsa. Carolyn McCaskill da abokan aikinta sun wallafa littafi a kan wannan kari a 2011. Wato dai abin da ya raba Sakkwatanci da Kananci, rashin cuɗanya ta yau da kullum, shi ne ya yi aiki a can, sai dai nasu doka ce ta tilasta shi.

Neman Ilimi

Yana da shekara 17 ya bar kudu ya koma birnin Detroit wurin wata 'yar'uwar iyayensa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne, masana'antu na neman ma'aikata, don haka ya samu ayyukan ƙarfi yana yi da rana, yana karatu da dare da kuma ta hanyar wasiƙa. Da haka ya samu takardar shaida a fannin akanta da harkar kasuwanci a 1950, sannan ya kammala sakandare a 1951, yana da kusan shekara 26. A wannan zama na Detroit ne kuma ya halarci jawabin wani ɗan mishan a kan halin da yara kurame ke ciki a tsibirin Jamaika, abin da ya sa masa tunanin kuramen da ke wajen Amurka, musamman na Afirka.

Babbar makarantar kurame ta Amurka a lokacin ita ce Kwalejin Gallaudet da ke birnin Washinton, wadda aka ba izinin bayar da digiri a 1864 da sa hannun Shugaba Abraham Lincoln. Foster ya nemi shiga aka ƙi shi, ba sau ɗaya ba, saboda launin fatarsa. Sai a 1951 aka ɗauke shi. Ya haɗa karatun shekara huɗu cikin shekara uku, domin ko lokacin hutu ba ya hutawa, ya fita da digiri a fannin ilimi a 1954. Shi ne baƙar fata na farko da ya kammala digiri a wannan kwaleji, shekara 90 cif bayan ba ta izini. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Bayan haka ya yi digiri na biyu har sau biyu, ɗaya a Michigan a 1955, ɗaya a Seattle a 1956, na ƙarshen a fannin aikin mishan.

Foster Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma bai taɓa raba aikin koyarwa da aikin wa'azi ba. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su tura shi Afirka, suka ƙi. Da ya ga haka sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, mai suna Christian Mission for Deaf Africans, ya shiga zagayen majami'u, musamman na baƙar fata, yana tara kuɗi kaɗan-kaɗan.

Daga Gana Zuwa Ibadan

Ya isa Gana a 1957, shekarar da ƙasar ta samu mulkin kai. A lokacin makarantun kurame 12 ne kacal aka sani a duk faɗin Afirka, su ma a arewacin nahiyar da kudancinta suke. An ruwaito cewa wasu jami'ai sun nuna masa babu yara kuramen da za a buɗe wa makaranta, alhali yaran na nan a gidajen iyayensu, ba a dai taɓa ƙidaya su ba. Sai ya ari aji guda a wata makarantar mishan da ke unguwar Osu a birnin Akara, yana shiga da 'yan ɗalibansa da yamma bayan masu ajin sun tashi. Kafin a jima labari ya bazu, iyaye suka yi ta kawo yara, har masu jiran gurbi suka kai ɗaruruwa. A 1959 aka mayar da makarantar garin Mampong-Akwapim ta zama ta kwana.

A wannan shekara ta 1959 ya halarci taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na ƙasar Jamus, inda ya haɗu da wata Bajamushiya, kurma, mai suna Berta Zuther. A Ibadan aka ɗaura musu aure a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar. Berta ta yi koyarwa da aikin ofis tare da shi, kuma duk wanda ya ba da tarihin makarantun nan bai ambace ta ba ya rage wani abu.

Nijeriya ita ce ƙasa ta biyu da ya shiga, kuma ita ce ta zama cibiyar aikinsa. Ya buɗe makarantar Ibadan a 1960, ita ma shekarar samun mulkin kai, sannan ya buɗe ta Kaduna da ta Inugu. Mai karatu zai lura cewa garuruwan nan uku su ne hedikwatocin jihohi uku na wancan lokaci, wato Yamma da Arewa da Gabas. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa aikin da ake yi a Gabas, amma Ibadan ta ɗore.

Don a fahimci muhimmancin abin da ya kawo, dole a koma baya kaɗan. A shekarar 1880 an yi wani taron malaman kurame a birnin Milan na ƙasar Italiya, inda mahalarta, kusan dukkansu masu ji, suka yanke shawarar cewa koyarwa ta baki ta fi ta hannu. Ma'ana a tilasta wa yaro kurma ya koyi furta sauti da karanta leɓen mai magana, a kuma hana shi amfani da hannu. Wannan ra'ayi ya mamaye makarantun Turai kusan shekara ɗari, har da na Ingila, kuma shi ne malaman da suka yi horo a can suka riƙa kawowa ƙasashen da ke ƙarƙashinta. Illar wannan hanya a fili take. Sautuka da yawa kamanninsu ɗaya a leɓe. Mai kallon baki ba zai bambanta baba da mama ba, balle ya gane karin sauti ko ya raba kai da ƙai. Yaro kan shafe shekaru yana fama da furuci, lissafi da tarihi da sauran darussa suna wuce shi. Sai a 2010, a taron da aka yi a birnin Vancouver na Kanada, aka fito fili aka yi watsi da shawarar Milan tare da nuna nadama.

Foster ya ƙi bin wannan hanya. A ajinsa ana haɗa komai: alamomin hannu, da haruffan yatsu, da rubutu a allo, da hotuna, da magana ga wanda zai iya. Abu na biyu da ya yi, wanda a ganina ya fi gina makarantun kansu muhimmanci, shi ne horar da kurame su zama malamai. Yaron da ya ga malaminsa kurma ne kamarsa, yana karɓar albashi, yana da iyali, ya ga abin da shi ma zai iya zama. Ya kuma buɗe wa haziƙan ɗalibansa hanyar zuwa Gallaudet, irin su Seth Tetteh-Ocloo daga Gana da Gabriel Adepoju daga Nijeriya, waɗanda suka dawo suka ci gaba da aikin ilimin kurame a ƙasashensu.

Wane Harshe Ya Kawo?

A nan ne ya kamata ɗalibin harshe ya ɗan dakata. Har yanzu akwai masu ɗaukar maganar hannu a matsayin nune-nune kawai, ko kuma su ɗauka iri ɗaya ce a duk duniya. Duka biyun kuskure ne. A 1960, shekarar da aka buɗe makarantar Ibadan, wani malamin Gallaudet mai suna William Stokoe ya wallafa binciken da ya nuna cewa kowace alama ta maganar hannun Amurka tana rarrabuwa zuwa ƙananan sassa: siffar hannu, da wurin da aka yi alamar, da motsin da hannu ya yi. Idan aka canza ɗaya daga ciki, ma'ana ta canza, kamar yadda sauya sauti guda ke raba bari da ɓari, ko kasa da ƙasa. Fuska ma tana da aikin nahawu. Ɗaga gira, alal misali, yana mayar da jumla tambaya, irin aikin da tashin murya ke yi a Hausa. Haka kuma harsunan hannu sun bambanta da juna. Kurman Landan da na Washinton, duk da cewa Turanci suke karantawa, ba sa fahimtar juna kai tsaye. Hatta haruffan yatsunsu daban ne, na Ingila da hannu biyu ake yin su, na Amurka da hannu ɗaya.

Abin da Foster ya kawo shi ne alamomin maganar hannun Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da ASL, kuma a cikin aji galibi ana jera alamomin ne bisa tsarin jumlar Turanci domin a koyar da karatu da rubutu. Daga wannan tushe ne maganar hannun makarantun Gana da ta Nijeriya suka tsiro. Da tafiya ta yi tafiya kurame suka shigar da nasu alamomin na abinci da garuruwa da al'adun gida, har kowace ta kama hanyarta. Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Kurma Bayarabe da kurma Bahaushe da kurma ɗan ƙabilar Ibo, idan duk sun yi makaranta, za su zauna su yi hira ba tafinta, abin da iyayensu masu ji ba lalle su iya ba.

Sai dai akwai wata magana da akan ci karo da ita a rubuce-rubucen masu yabon Foster, wai kafin zuwansa kuramen Afirka ba su da harshe. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma hujjar tana kusa da makarantarsa ta farko. Ba nisa da Mampong akwai wani ƙauye mai suna Adamorobe, inda kurumta ta gado ta yi yawa, kuma mutanen ƙauyen, kurame da masu ji, sun daɗe da nasu harshen hannu wanda bai haɗa tushe da na Amurka ba. Victoria Nyst ta yi cikakken bayaninsa a 2007. Yaran ƙauyen da suka tafi makarantar kwana ta Mampong da harshen makaranta suke dawowa, shi ya sa ake lissafa na Adamorobe cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Misali na biyu namu ne. A ƙasar Hausa akwai Maganar Hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, kuma ba wani Bature ko Ba'amurke da ya kawo ta. Kurame sun gaje ta ne daga kurame, a dandali da kasuwa da majalisar hira, kuma masu ji da yawa suna iya wani abu daga cikinta, musamman 'yan kasuwa da dangin kurame. A Kano har akwai sarautar sarkin bebaye, kamar yadda ake da sarkin makafi. Wata masaniyar Hausa daga Jamus, Constanze Schmaling, ta yi shekaru tana bincike a Kano, ta wallafa littafi mai suna Maganar Hannu a 2000, inda ta fayyace siffofin hannu da ginin kalmomin wannan harshe. Ta kuma nuna yadda alamomin ASL suka riƙa shigowa cikinsa ta hanyar makaranta, musamman bayan buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977, da yadda wasu matasa suka fara ɗaukar alamar makaranta a matsayin ta wayewa, ta gida kuma ta waɗanda ba su yi boko ba.

Wanda ya karanci tarihin Hausa ya san wannan labari ta wata fuska. Hausa ta haɗa kan ƙabilu masu yawa a Arewa, ta ba su harshen kasuwa da na rediyo da na karatu, amma kuma a jihohin Bauci da Filato akwai ƙananan harsunan da jikoki ba sa ji yanzu saboda Hausa ta maye gurbinsu. Mu da muka koyi Hausa a aji muna ganin alherinta, masu waɗancan harsuna kuma suna ganin abin da suka rasa. Haka abin yake ga harshen da Foster ya kawo. Ba na ganin adalci ne a ɗora masa laifin rashin nazarin harsunan hannu na gida a 1957, lokacin da ko a Amurka masana ba su amince cewa maganar hannu harshe ce ba. Shi abin da ke gabansa shi ne yaro ya iya karatu da rubutu, da abin da ke hannunsa kuma ya yi aiki. Amma wannan uzuri bai shafe mu ba. A sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu ana rubuta kundaye barkatai a kan karin magana da waƙoƙin baka, alhali babban littafin da ake da shi a kan Maganar Hannu baƙuwa ce ta rubuta shi, kuma ya haura shekara 20.

Sauran Ƙasashe da Rasuwarsa

A 1970 Gallaudet, wadda ta taɓa ƙin ɗaukarsa, ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Daga nan ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya fara da Kwaddebuwa a 1974, sannan Togo da Cadi da Sanagal da Binin da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Zayar da Burkina Faso da Burundi da Gabon. Dabararsa ɗaya ce a ko'ina: ya nemo matasa, yawancinsu kurame, ya kawo su Ibadan su yi horo, su koma gida su buɗe aji. Da haka Ibadan ta zama makarantar malaman kurame ta yammaci da tsakiyar Afirka. A waɗannan ƙasashe an riƙe alamomin Amurka, amma aka daidaita su da Faransanci. A ASL akwai alamomin da siffar hannunsu harafin farko ne na kalmar Turanci, to irin waɗannan da dama an sauya su zuwa harafin farko na kalmar Faransanci, motsin leɓe ma ya koma na Faransanci. Abin sha'awa a nan shi ne, ita kanta ASL tana da tushe a maganar hannun Faransa, domin wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, na cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame ta Hartford a Amurka a 1817. Ke nan alamomin da suka bar Faris sun biyo ta Alabama da Ibadan kafin su isa Abijan da Injamena.

A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa suka koma Amurka da zama, shi kuma ya riƙa raba shekara biyu, wani ɓangare yana neman kuɗi a can, wani ɓangare yana zagayen makarantu a nan. Jimillar abin da ya kafa makarantu 32 ne a ƙasashe 13. Da yawa daga cikinsu gwamnatoci sun karɓi ragamarsu daga baya.

Ranar 3 ga watan Disamba, 1987, ya samu gurbi a wani ƙaramin jirgin sama na haya da zai tafi Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, kusa da garin Gisenyi, Foster na cikin waɗanda suka rasu. Yana da shekara 62. Wata uku bayan haka, a Maris na 1988, ɗaliban Gallaudet suka rufe makarantar da zanga-zanga har sai da aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko da ya shugabance ta. A 2004 ƙungiyar kuramen baƙar fata ta Amurka ta ba jami'ar kyautar mutum-mutumin Foster, aka kuma sa wa wani babban ɗakin taro na jami'ar sunansa.